Abin da Na Faɗa a Ɗaki na Huɗu

Daren Talata, mun idar da isha'i ke nan na shigo gida ina cire hula, sai na ji tari a bayan katanga. Tarin tsoho ne, gajere, irin na mai shirin fara magana. Aka yi shiru, aka sake yin sa sak irin na farko, ba ƙari ba ragi. Sau biyar ina ƙirgawa. Ni na daɗe ina lura da tarin mutane a masallaci, kowa da irin nasa, kuma ko mai shi ba ya maimaita shi daidai. Na ɗauki tocila na zagaya.

Jikokin maƙwabta ne su uku tsugune a cikin tsohon zangonmu. Sun kara waya a jikin ɗan allon da aka manna a bangon ɗaki na huɗu, suna danna wa abin ya koma farko suna ƙyalƙyala dariya. Tarin nawa ne. Da suka gan ni suka manta da dannawa, sai muryata ta ci gaba da kanta, tana cewa nan ne ɗakin Baba Ukasha, wanda madugu ya saya a Salaga da kanwa jaki biyu.

Yaran suka watsa da gudu. Ni kuwa na tsaya da tocila a hannu ina haska bango kamar wanda ya yar da allura.

Masu karatu, wanda bai san farkon labarina ba bari in taƙaita masa. Sunana Lado, a Djougou aka haife ni, a gidan da Madugu Muhammad Nur ya kafa tun zamanin da ayarin goro ke sauka a garin nan. Matata ta rasu shekara shida da suka wuce. Wadda nake nema yanzu sunanta Gaji, ita ma mijinta ya rasu, tana zaune a Ladjifarani can Parakou wurin ɗanta Idrisu mai fataucin shanu. Gida ɗaya muka tashi, na girme ta da shekara takwas, har yau Yaya take ce mini. Kowace safiya bayan asuba sai ta aiko mini da saƙon murya, ta tambayi gwiwata, ta gaya mini abin da za ta dafa, wani lokaci ina jin zakaransu a bayan maganar, wani zakara mai shaƙaƙƙiyar murya da na fi so in ji fiye da labaran rediyo. Na aika wa Idrisu ƙwaryar goro fari da turmin atamfa ruwan ganye, ya karɓa, aka sa rana bayan babbar salla. Baba Ukasha da kuka ji an ambata kakan Gaji ne, uban mahaifinta.

Yanzu ga yadda muryata ta shiga bango.

Bara wata yarinya mai suna Halimatou ta zo da takarda daga wata ƙungiya da ke kula da tsofaffin wurare. Ta yi karatu a jami'a, tana da ladabi, sai ta durƙusa take gaishe ni. Ta ce zangonmu na cikin kaɗan da suka rage da gininsu na ƙasa, suna so 'yan lekol, wato 'yan makaranta, su riƙa zuwa suna koyon tarihin fataucin goro a inda aka yi shi. Aka share ɗakuna shida, aka manna wa kowane ɗan allo mai zanen baƙi da fari kamar gidan tururuwa. In ka kara waya ko tabilet a kai, sai murya ta ba ka labarin ɗakin. In ka ɗaga ta ka nufi tsakar gida, sai ka ga jakuna a gilashin ɗauke da waga, alhali a ƙasa ba komai sai kaji. Ba zan yi muku ƙarya ba, abin ya tafi da ni. Ranar farko sai da na sa Halimatou ta riƙe tabilet ɗin na je na tsaya daidai inda jakin yake, don in ji ko zan ji ɗuminsa. Ban ji ba, amma ta ce a gilashi kaina ya fito ta cikin wagar, kuma na yi kwana uku ina tunanin wannan.

Muryar da ake buƙata tawa ce, don ni ne babba da ya rage. Muka yi kwana huɗu tana riƙe da ɗan makirfo ina zuba. Ɗakin madugu, ɗakin baƙi, rumfar da ake yayyafa wa goro ruwa a canza masa ganye, duk lafiya lau. Da muka zo ɗaki na huɗu sai na tuna da kunnen Baba Ukasha.

Na riske shi da rai, ina da shekara goma ya rasu. Mutum ne dogo mai ƙaton tabo a tsakar kai inda kaya ya cinye gashi. In an sauke huhun goro, ba ya kwancewa. Sai ya sa a yi shiru, ya durƙusa ya kara kunne a jikin huhun, ya lumshe ido. Can sai ya ce wannan akwai sankara a gindinsa ta hagu. A kwance, a tarar da tsutsar tana cikin goro uku ko huɗu daidai inda ya nuna. Yana jin taunarta. Ni na gwada fiye da sau ɗari, abin da nake ji kawai bugun jinina. Ina cikin ba da wannan labari, raina ya yi fari, ina ganin tsohon a gabana, sai Halimatou ta tambaye ni daga ina ya zo. Bakina ya riga hankalina.

A gidanmu akwai abin da ake yi. Yaro ko yarinya in ya kai shekara goma sha biyu, babban gida zai kira shi ɗaki shi kaɗai, ya gaya masa yadda Baba Ukasha ya shigo gidan, sau ɗaya tak. Sannan a ɓare goro a ba shi ɓari ya tauna ya haɗiye, ba a tofarwa. Daga ranar maganar ta mutu a bakinsa. Ana gaya maka ne don kada ka ji a waje ka yi gardama, ana ba ka goron don kada wani ya ji daga gare ka. Shekara sittin ina riƙe da nawa. Ko marigayiya matata ba ta ji daga bakina ba.

Nan take na ce wa Halimatou ta goge wannan wurin. Na ce mata ba na makirfo ba ne. Ta ce to Baba, ba damuwa, har ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Na yarda da ita. Da aka buɗe wurin na saurari ɗaki na ɗaya da na biyu, na ji kunyar muryata na bar sauran. Wata biyu ke nan 'yan lekol na zuwa layi-layi da malamansu, daga Pélébina ma an kawo wasu a kamiyo, babbar motar kaya, ni kuma ina zaune a zaure ina yi musu murmushi, ban san abin da bango ke gaya musu ba.

Laraba da hantsi na tare ta a ƙofar zango. Ta zo a kan moto, wato babur, da farin gilashi da jakar tabilet a baya. Ban amsa gaisuwarta ba. Ta ce wallahi ta rubuta a goge, amma mai haɗa muryoyin yana Cotonou, shi ya ce wannan ne wurin da ya fi rai a duk abin da aka ɗauka, kuma ita ma da ta sake ji ta ga tarihi ne, bai kamata a ɓoye wa yara ba. Ta buɗe mini wani shafi ta nuna mini cewa ɗaki na huɗu an saurare shi fiye da sauran biyar a haɗe. Tana nuna mini tana jin daɗi, kamar wadda ta kawo mini albishir.

Na ce ta kara tabilet ɗin a allon in ji har ƙarshe. Ashe bayan muryata akwai tambaya, don a gane ko yaro ya saurara. Ta fito da manyan haruffa, da Faransanci da Hausa: da me aka sayi Baba Ukasha? A ƙasa ga hoton gishiri, ga na wuri, ga na kanwa. In yaro ya taɓa kanwa sai gilashin ya yi kore, a buga masa tafi.

Jama'a, mutumin da ya yi mini kaciyar farko ta hankali, wanda ya koya mini alwala, wanda limamin unguwa ya yi kuka a jana'izarsa, shi ake yi wa tafi in an canki kuɗinsa. Na ce mata, 'yata, in kakanki ne za ki sa hoton? Ta sunkuyar da kai. Ta ce ba ita ke da ikon cirewa ba, sai kwamiti ya zauna, kuma ko an cire, wanda ya riga ya sauke a wayarsa yana nan. Kwamiti! Lokacin da za su ɗauka ba su jira kwamiti ba, tabarma kawai suka nema.

Sai a lokacin na tuna cewa yau Gaji ba ta aiko da saƙo ba. Na duba waya. Na jiya ne na ƙarshe, tana cewa ta samo kuɓewa ɗanya mai kyau. Na aika mata gaisuwa, alamar ta yi shuɗi, ta saurara ke nan, amma ba amsa. Na sake aikawa da azahar, na ce ina zakara. Shuɗi, shiru.

A gida na tarar da 'yata Memuna tana tsince shinkafa a faranti, ta ɗaura zanen aiki, ba ta ɗago ba. Memuna tun farko ba ta son auren nan. Ta ce mutane za su yi dariya, ta ce me na rasa, ita ba tana dafa mini tana wanke mini ba, ta ce ɗakin uwarta ba wadda za ta shiga ta canza wa labule. Na tambaye ta ko ta san abin da ke ɗaki na huɗu. Ta ce duk unguwa ta sani, ni kaɗai ne ban sani ba. Na tambaye ta ko ya kai Parakou. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa, can ta ce ita dai ta tura wa matar Idrisu ne don su ji yadda Baba ya iya ba da labari.

"Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, Baba. Muryarka ce."

Ita ba a ba ta goron ba. Ni ne na ƙi, na ce zamani ya wuce wannan, gara maganar ta bi ni kabari. Ga inda ta bi.

Alhamis da la'asar wani direban taksi ya yi sallama ya ajiye kwali a zaure. Ƙwaryar goron ce, an canza mata ganye sabo an yayyafa ruwa, ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Atamfar na kai a ninke, ba a ko cire takardarta ba. Wannan canjin ganye shi ya fi ƙona ni. Na san hannun da ya yi shi.

Asabar na sa shaddata ruwan bula wadda na ɗinka don ranar ɗaurin aure, na ɗauki sanda na shiga mota. A Partago aka tsaya masu doya suka kewaye mu, ban ko leƙa ba, ni da kullum sai na sauka na duba doyar da ta fi kama da mutum. Na isa Ladjifarani rana tsaka. Idrisu na ƙofar gida yana wanke ƙafa, ya dawo daga kara, rigarsa duk ƙurar shanu. Ya gaishe ni yadda ya kamata, amma bai ce in shiga ba. Ya ce jiya yana cikin cinikin bijimi wani mahauci ya ce masa a gaban Fulani ya rage masa, ai shi ma jaki biyu ne kuɗinsa. Ya ce ɗansa ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci. Ya ce shi bai taɓa jin wannan magana ba sai a waya, daga bakin mutumin da ke son ya aure masa uwa. Na fara gaya masa Halimatou, da na Cotonou, da kwamiti. Ya ce Baba Lado, duk waɗannan ban san muryarsu ba.

Daga ciki aka ce a bar shi ya shigo.

Gaji na zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta, da lulluɓi toka-toka, carbi a hannu, wayarta a kife kusa da ƙafarta. Ba ta sa kwalli ba. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa, ta tambayi gwiwata kamar kullum. Na sake ɗauko bayanina daga farko, har na kai wurin tafi da kore. Ta bar ni na gama.

"Yaya Lado, ni ma an ba ni goron nan na tauna. Abin da aka gaya maka a ɗaki shi aka gaya mini. Mutum biyu aka ambata mana ranar. Kai ka faɗi ɗaya."

Na ce Gaji, ba a tambaye ni ɗayan ba.

"Shi ma ba a tambaye ka kuɗinsa ba. Daga ina ya zo aka ce."

Idrisu na tsaye a bayana, ina jin numfashinsa.

Masu karatu, tunda na kawo ku nan ba zan ɓoye muku ba. Baba Ukasha ba shi kaɗai ya zo ba. Akwai ƙanwarsa, 'yar shekara bakwai, ƙafafunta suka fashe a hanya, ya ɗora ta a kan kayan goron da ke kansa daga bakin kogi har Djougou. Sunanta Saratu. Ta girma aka 'yanta ta, aka aura wa ɗan madugu, ta haifi mahaifina. Jaki biyun nan ba na mutum ɗaya ba ne. Ɗaya nasa, ɗaya na kakata. Ina gaban makirfo, bakin da ya riga hankalina a kan kakan Gaji ya san yadda zai tsaya cak da ya zo kan tawa. Kwana huɗu ina zagin Halimatou da mutumin Cotonou, ban tuna wannan ba ko sau ɗaya. Ko kuwa na tuna na kau da kai, Allah ya sani.

Gaji ta ce ita ba ta son a goge. Abin da ya shiga kunnen mahautan Parakou ba mai goge shi. Ta ce shekara sittin ba a ambaci sunan kakanta da ƙarfi a gidan nan ba, yanzu an ambata, to a ambata daidai. A cire tambayar kanwa, wannan ko da faɗa. Amma labarin in koma in cika shi da bakina, a ɗakin, a gaban mutanen unguwa.

"In na kara wayata na ji sunan Saratu, ka aiko da goronka. In ban ji ba, ka bar ni da carbina, ka ci gaba da zama ɗan madugu."

Ban kwana a Parakou ba. Da na gaya wa Memuna zancen Saratu, farantin hannunta ya faɗi. Ta ce ƙarya ne, ta ce tsufa ne, ta ce matar nan ta shanye ni. Da ta ga ban musa ba sai ta zauna a ƙasa ta ce 'ya'yanta fa, ga 'yarta Nana Khadija ana maganar aurenta da mutanen da ke tambayar asali har kaka bakwai. Ta ce in bari ko zuwa bayan bikin. Na ce mata lokacin da take tura wa matar Idrisu, shi ma yana da 'ya'ya. Ta yi kuka, ta ce na zaɓi bare a kan jinina. Na ce ba bare a maganar nan, abin da nake ƙoƙarin gaya mata ke nan tun ɗazu.

Lahadi bayan la'asar Halimatou ta zo da makirfonta. Ta ce ta kira Cotonou da kanta, tambayar kanwa an cire ta tun jiya, ba tare da kwamiti ba. Ban ce mata na gode ba. Ban aika a kira kowa ba, amma unguwarmu ba ta buƙatar kira. Kafin a shimfiɗa tabarma a ɗaki na huɗu tsakar zango ta cika, mata a jikin katanga da lulluɓi, maza a bakin ƙofa. Maƙwabcina Hamissou, wanda katangarmu ɗaya, muke shan shayi tare tun muna samari, ya jawo kujerarsa ya zauna daidai ƙofar ɗakin da sandarsa tsakanin gwiwoyi. Memuna ba ta fito ba, amma na ga labulen tagarta ya motsa.

Jan hasken makirfo ya kama. Na yi bisimilla. Na faɗi shekarar yadda Baba Ukasha ya gaya mini da bakinsa wata rana muna canza ganye, shekarar da Salaga ta ƙone da yaƙi mutum ya yi araha. Na ce a wannan tafiya madugu ya sayo mutum tara, duk a ɗakin nan suka kwana daren farko. Na ce a cikinsu akwai wani saurayi Ukasha da ƙanwarsa Saratu a kan kayansa. Na ce Saratu ita ta haifi mahaifina, ni Lado jikanta ne, kuma duk wanda ya ce wa Idrisu jaki biyu ya rage ɗaya ya kawo mini, nawa ne. Na yi musu fatiha su biyu, wasu suka shafa, wasu ba su shafa ba.

Na ɗaga wa Halimatou hannu alamar na gama, zuciyata ta riga ta tafi zaure wurin kwalin goro, ina lissafin direban da zai tashi da sassafe. Ba ta kai ga danna maɓallin ba, jan hasken na nan, Hamissou ya gyara riƙon sandarsa. Bai dubi kowa ba sai ni, kuma a hankali ya yi maganar, amma har matan jikin katanga sun ji.

"Lado, tara ka ce. Sauran bakwai ɗin, su wane ne jikokinsu a unguwar nan?"